Linzami a Hannun Na Nesa: Tarihin Sarrafa Wayar Salula da Kwamfutar Hannu

Sarrafa waya daga nesa shi ne mutum ya zauna a wani gari ya ba wayar da ke wani gari umarni, ko ya ga abin da ke fuskarta, ko ya riƙa danna ta kamar tana tafin hannunsa. Manhajar da ke wannan aiki kashi biyu take: ɗaya tana zaune cikin na'urar da ake sarrafawa, tana aika labarinta tana karɓar umarni, ɗayar kuma tana gaban mai sarrafawa. Aikin kansa hawa uku ne. Na ƙasa shi ne umarni a makance, kamar a ce wa waya ta kulle kanta ko ta goge abin da ke cikinta. Na tsakiya shi ne gani. Na sama shi ne taɓawa, inda na nesa yake karɓar linzami gaba ɗaya. Kwamfutar tebur ta samu hawa ukun tun kafin 1990. Wayar salula kuwa sai da ta kwashe fiye da shekara ashirin tana hawa da ɗaiɗai, domin masu ƙera ta sun rufe ƙofar da gangan, sannan suka riƙa buɗe ta kaɗan-kaɗan ga wanda suka ga dama.

Asalin abin ya girmi kwamfutar da aka sani yau. A watan Satumba na 1940, masanin lissafi George Stibitz na ɗakin binciken Bell ya halarci taron malaman lissafi a kwalejin Dartmouth da ke jihar New Hampshire ta Amurka. Na'urar lissafin da ya ƙera tana can birnin New York. Ya haɗa ta da wata na'urar buga saƙo ta layin waya, mahalarta suka riƙa buga tambaya a nan amsa tana dawowa daga can. Shekara 29 bayan haka, ranar 29 ga Oktoba 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yi ƙoƙarin shiga kwamfutar cibiyar binciken Stanford ta hanyar ARPANET, kakar intanet. Kalmar neman shiga ya so bugawa. Harafi biyu kawai suka isa na'urar ta tsaya. Ke nan saƙon farko da ya bi wannan hanya yunƙuri ne na sarrafa wata na'ura daga nesa. A shekarar ne kuma aka fara tsara Telnet, wadda ta zama ƙofar shiga kwamfutar nesa na tsawon shekaru. Aibinta shi ne komai a fili take aikawa, har kalmar sirri, duk wanda ya kasa kunne a hanya zai ji. Sai a 1995 Tatu Ylönen, wani mai bincike a Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da SSH wadda ke lulluɓe saƙon, bayan da aka yi satar kalmomin sirri a jami'arsu.

Duk wannan rubutu ne zalla. Sana'ar gyara daga nesa ta kankama ne a shekarun 1980, lokacin da kwamfuta ta bazu a ofisoshi, ta faɗa hannun akawu da sakatare waɗanda ba su san cikinta ba. Kafin nan, idan na'ura ta yi gardama, ko dai mai gyara ya kama hanya, ko ya ɗauki tarho yana tambaya "me kake gani yanzu?" shi kuma mai na'ura yana kwatanta abin da bai san sunansa ba. Manhajoji irin su Carbon Copy da pcAnywhere, wadda ta fito a 1986, suka kawo sauƙi: kwamfutar mai gyara ta buga lambar tarhon ofishin, modem ya ɗauka, fuskar waccan ta bayyana a wannan. Masu kwamfutar Macintosh su ma sun samu tasu a ƙarshen shekarun, aka raɗa mata suna Timbuktu, domin a bakin Turawa sunan wannan birni na Mali yana nufin wuri mafi nisa a duniya. Fataken Kano da Katsina da suka saba da hanyar Tumbutu da sun yi mamakin wannan zance.

A ƙarshen shekarun 1990 wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle a birnin Kambirij na Ingila ya fito da VNC, kuma ya sake ta kyauta a 1998. Dabararta mai sauƙi ce ƙwarai. Ba ta damu da sanin abin da kwamfutar ke yi ba. Hoton fuskar kawai take ɗauka, ta aika wurin da ya sauya, ta karɓo motsin linzamin kwamfuta da abin da aka buga. Saboda haka tana aiki tsakanin na'urori da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa har yau jininta ke gudana a manhajojin sarrafa waya, na halal da na haram. Kamfanin Microsoft ya fitar da tasa hanyar, RDP, a 1998, sannan a 2001 ya sa wa Windows XP wani sashe da mutum zai gayyaci wanda ya fi shi sani ya shigo ya taimaka.

Sai dai akwai wani cikas. Kwamfutocin gida da na ofis sun koma bayan katangar tsaro, wadda ke barin na ciki ya fita amma ba ta barin baƙo ya ƙwanƙwasa. Maganin da aka samu shi ne dillali. Maimakon mai gyara ya nemi na'urar kai tsaye, sai su biyun kowa ya fita ya je wata babbar kwamfuta ta kamfanin manhajar, ita ta haɗa su. GoToMyPC ta bi wannan hanya a farkon shekarun 2000, haka LogMeIn da aka kafa a Budapest a 2003. A 2005, a kudancin Jamus, Tilo Rossmanith ya samar da TeamViewer domin ya riƙa nuna wa abokan cinikinsa wata manhaja ba tare da wahalar tafiya ba. Abin da aka yi don rage kuɗin mota ya zo ya fi ainihin hajar kasuwa. Tsarinta ne ya zama al'ada: na'ura ta nuna lamba da kalmar sirri, mai ita ya karanta wa na nesa, shi ke nan. AnyDesk, wadda wasu tsofaffin ma'aikatan TeamViewer suka kafa a 2014, a kan wannan turba take. Ba don dillali ba da sarrafa wayar salula bai yiwu ba, tunda waya ba ta da tsayayyen adireshi. Yanzu tana kan sabis ɗin kamfanin sadarwa, an jima tana kan wayifai na wani ofis.

Tun a wannan zamani aka gane cewa wuƙar kaifi biyu gare ta. A 1998 wata ƙungiyar masu kutse a Amurka ta fitar da Back Orifice, wadda ke yin duk abin da pcAnywhere ke yi, illa dai ba ta sallama kuma ba ta nuna kanta. Bambancin kayan gyara da kayan sata bai wuce izini da sanarwa ba. Ita kanta pcAnywhere ta ga ta kanta a farkon 2012, lokacin da kamfanin Symantec ya shawarci masu amfani da ita su kashe ta na ɗan lokaci saboda an sace asalin rubutun da aka gina ta da shi.

Wayar salula ta shigo wannan tarihi ta ƙofar baya, ta hawa na ƙasa. Waɗanda suka fara juya ta daga nesa kamfanonin sadarwa ne. Duk wanda ya sa sabon layi a waya a shekarun 2000, ya ga saƙo ya shigo yana cewa a adana saitin intanet, ya ga wannan aiki da idonsa: kamfani ne ya miƙo hannu ta iska ya gyara cikin wayar. Ƙungiyar Open Mobile Alliance, wadda kamfanonin waya da na sadarwa suka kafa a 2002, ta tsara ƙa'idar da ake bi wajen aika saiti da sabunta manhaja ta wannan hanya. Amma wanda ya mayar da abin sana'a shi ne kamfanin Research In Motion na garin Waterloo a Kanada, mai wayar BlackBerry. Daga 1999 ya riƙa sayar wa bankuna da ma'aikatun gwamnati na'urar hannu haɗe da manhajar da ke zaune a kwamfutar ofis. Daga nan jami'i ɗaya zai iya tilasta wa dubban wayoyi sa kalmar sirri, ya hana kyamara aiki, ko ya goge wayar da aka manta a motar haya. Tsoron ɓacewar wasiƙun manya ne ya haifi goge waya daga nesa. Microsoft ya bi sahu a tsakiyar shekarun 2000 da wayoyin Windows Mobile, waɗanda su kuma a buɗe suke kamar ƙananan kwamfutoci. Wani kamfanin Kanada mai suna SOTI ya yi manhajar Pocket Controller da ke nuna fuskarsu a kwamfutar tebur a kuma danna su daga can. Masu rumbunan ajiya da kamfanonin kai kaya, waɗanda ma'aikatansu ke yawo da na'urorin karanta lambar kaya, su ne manyan masu saye.

Fitowar iPhone a 2007 da wayar Android ta farko a 2008 ta mayar da hannun agogo baya ta wannan fuska. Waɗanda suka tsara su sun ga yadda ƙwayoyin cuta suka addabi Windows, inda kowace manhaja ke iya leƙa ko'ina. Sai suka killace kowace manhaja a ɗakinta: ba ta ganin abin da maƙwabciyarta ke nunawa, ba ta karanta ajiyarta, ba ta danna mata komai. Wannan ne ya sa ake iya ajiye manhajar banki da ta wasa a waya ɗaya. Amma manhajar taimako daga nesa aikinta ke nan, ta ga komai ta danna komai. Don haka TeamViewer da LogMeIn na farko da suka shigo waya baibai suke aiki: daga waya ake sarrafa kwamfuta, kwamfuta ba ta iya sarrafa waya.

Masu ƙera wayar dai sun ajiye wa kansu mabuɗi. A watan Agusta 2008 Steve Jobs ya tabbatar wa wata jarida cewa Apple na da hanyar kashe muguwar manhaja a kowace iPhone daga nesa. A Yuli 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle ya goge wasu littattafan da mutane suka riga suka saya, saboda wanda ya sayar ba shi da haƙƙin sayarwa; cikinsu har da 1984 na George Orwell, littafin da jigonsa shi ne hukuma mai leƙen asirin kowa. Surutun da ya biyo baya ya sa shugaban kamfanin, Jeff Bezos, ya fito ya nemi afuwa. Google ya yi amfani da nasa mabuɗin a 2010 ya cire manhajoji biyu daga wayoyin jama'a, sannan a Maris 2011 ya share fiye da 50 masu ɗauke da cutar DroidDream. A Disamba 2016 Samsung ya kai abin ƙarshe: ya aika wa wayoyin Galaxy Note 7 da suka rage a Amurka sabuntawar da ta hana su caji, domin batirinsu na kamawa da wuta kuma wasu masu su sun ƙi mayarwa.

Ma'aikatu su ma sun samu rabo bayan masu ƙera. Shekarar 2010 ce mahaɗar: iPad ta fito, Apple ya sa wa iOS 4 hanyar da kamfani zai riƙa kula da wayoyin ma'aikatansa, Google ma ya yi irin haka a Android 2.2. Kasuwa ta buɗe wa kamfanoni irin su MobileIron da AirWatch na birnin Atlanta, wanda VMware ya saya a 2014 kan dala biliyan 1.54. Makarantu da asibitoci da kamfanonin jiragen sama suka riƙa sayen kwamfutocin hannu dubu-dubu, ana zuba musu manhaja a kulle su kan aiki ɗaya daga ofishi guda. Rigima ta taso ne inda wayar ta ma'aikaci ce, da kuɗinsa ya saya, ya dai sa wasiƙun ofis a ciki. Ranar da ya bar aiki, jami'i ya danna goge, hotunan bikinsa da lambobin danginsa su bi ruwa tare da takardun kamfani. Maganin da aka samu daga Android 5.0 a 2014 shi ne raba waya gida biyu, ɓangaren aiki da na mai ita, ikon ofis ya tsaya a bakin ƙofar ɓangarensa. Samsung ya riga ya fito da irin wannan a 2013 da sunan Knox.

Mai waya na gama-gari ya samu nasa kason a 2009, da Find My iPhone, wadda ta fara a matsayin abin biya kafin a mayar da ita kyauta a ƙarshen 2010. Google ya kawo kwatankwacinta a 2013. Da ita mutum zai ga inda wayarsa take a taswira, ya sa ta ƙara, ya kulle ko ya goge. Haɗarin ya fito fili a Agusta 2012, lokacin da masu kutse suka yaudari masu amsa kiran abokan ciniki na Amazon da Apple, suka ƙwace asusun Mat Honan, ɗan jaridar mujallar Wired, suka goge wayarsa da iPad da kwamfutarsa cikin 'yan mintoci, har da hotunan 'yarsa. Ba kuɗi suke nema ba, gajeren sunansa na Twitter ne ya ba su sha'awa. Duk da haka hukumomi ƙara matsa wa kamfanoni suka yi, saboda fizgen waya ya yi yawa a biranen Amurka da Landan. Apple ya kawo kullen da ke ɗaure waya da asusun mai ita a iOS 7 a 2013, Google ya bi a 2015, kuma dokar jihar Kalifoniya ta wajabta irin wannan kulle a kan duk wayar da aka ƙera aka sayar a jihar daga 1 ga Yuli 2015. Tasirin dokar ya tsallaka teku. Masu gyara a Farm Center ta Kano da Computer Village ta Ikeja sun san wayar hannu-biyu da ake shigowa da ita tsaf-tsaf amma ko an yi mata filashin sai ta tsaya tana neman asusun wani mutum da ba a san inda yake ba, ko ta nuna cewa wani kamfani na ƙetare ne ke kula da ita. Irin wannan sau da yawa sai dai a yi gunduwa-gunduwa da ita a sayar da sikirin da batir.

Hawa na biyu da na uku, gani da taɓawa, su suka fi wuya, kuma a Android aka fara hawansu. Da farko sai wanda ya fasa tsaron wayarsa ya zama mai cikakken iko ne ke iya saka manhajar VNC a ciki. Hanyar halal ta biyo ta hannun masu ƙera: kamfanin manhaja ya rubuta wata ƙaramar manhajar rakiya, ya kai wa Samsung ko LG ko HTC su buga mata hatiminsu, da wannan hatimi ta samu ikon da manhajar gama-gari ba ta da shi. Haka TeamViewer QuickSupport ta fara a 2012 da wayoyin Samsung, sauran kamfanoni suka biyo ɗaya bayan ɗaya, kowane da rakiyarsa. Wanda wayarsa ba ta cikin jerin sai haƙuri. A Agusta 2015, a taron Black Hat na Las Vegas, masu binciken kamfanin Check Point suka nuna ɓarakar wannan tsari, suka kira ta Certifi-gate. Wasu rakiyoyin ba sa tantance mai yi musu magana yadda ya kamata, don haka muguwar manhaja na iya shigar burtu ta ce ita ce mai taimako, ta gaji ikon duka. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a wasu wayoyi rakiyar tun daga masana'anta take ciki, mai waya bai san da ita ba kuma ba ya iya cire ta.

Google ya warware rabin matsalar a Android 5.0, inda ya ba kowace manhaja damar ɗaukar hoton fuskar waya muddin mai ita ya amince da gargaɗin da zai fito. Ragowar rabin ta zo ta wata hanya da ba don ita aka yi ta ba. Tun 2009 Android na da sashen taimaka wa makafi da masu raunin gaɓoɓi, wanda ke karanta musu abin da ke fuskar waya. A Android 7.0, a 2016, aka ba wannan sashe ikon danna da shafa fuska a madadin mai waya. Masu manhajar taimako daga nesa suka ga gada ta samu: hoto ta wancan gefe, yatsa ta wannan. Daga nan kusan kowace wayar Android ta zama abar sarrafawa ba tare da hatimin kowa ba.

Wani gwaji da ya yi fice a tsakanin nan shi ne na Amazon. A Satumba 2013 ya fitar da kwamfutar hannu ta Kindle Fire HDX da wani maɓalli mai suna Mayday. Da an danna, ma'aikaci zai bayyana a ɗan ƙaramin akwati a fuskar na'urar, da alkawarin amsawa cikin daƙiƙa 15, dare ko rana. Yana ganin fuskar na'urar, yana iya zana da'ira ya nuna inda za a danna ko ya danna da kansa, amma ba ya ganin fuskar mai ita. An yaba ƙwarai, sai dai ajiye mutane suna jiran kira kyauta ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma a 2018 aka rufe shi.

Akwai kuma reshen da masu rubuta manhaja suka bi. Android na da wata ƙofa ta gwaji mai suna ADB, wadda ake buɗewa daga cikin saiti a haɗa waya da kwamfuta. A kanta aka gina Vysor a 2015, da scrcpy wadda Romain Vimont na kamfanin Genymobile a Faransa ya fitar kyauta a 2018. Da irin wannan dabara ake tara ɗaruruwan wayoyi a kan kanta a ɗaki guda, mai manhaja a wata nahiya ya yi hayar ɗaya na minti goma ya gwada aikinsa. Na'urorin da ba mai tsaronsu, kamar allunan talla da na'urorin POS da dama waɗanda cikinsu Android ne, su ma daga nesa ake sabunta su.

Ƙofar da aka buɗe wa mai taimako ba ta tambayar niyyar mai shiga. A Fabrairu 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankuna kan wata damfara: mutum ya kira ya ce daga banki yake, akwai matsala a asusu, a saukar da AnyDesk a karanto masa lamba tara da za ta fito. Manhajar ta gaske ce, ba a yi mata kutse ba. Mai waya ne ya miƙa mabuɗi da hannunsa, ɗan damfara ya zauna yana kallon lambar sirri da saƙon tabbatarwa suna shigowa. Masu rubuta cuta kuma suka rungumi sashen nakasassu. Vultur, wadda aka gano a 2021, VNC ce sak a cikinta. Dabarar ta fi satar kalmar sirri illa, domin kuɗin daga wayar mai asusu suke fita, banki ba ya ganin baƙuwar na'ura balle ya yi shakka. Sai kuma manhajojin leƙen asirin miji ko mata, waɗanda ake tallata su da sunan kula da yara. A 2014 wata kotun Amurka ta ci tarar mai StealthGenie dala 500,000, kuma a 2021 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta haramta wa kamfanin SpyFone wannan sana'a ɗungurungum. Martanin Google shi ne sake tsuke ƙofar: daga Android 13, a 2022, manhajar da aka saka daga wajen kantin manhajoji ba ta samun sashen nakasassu sai mai waya ya bi wasu matakai na musamman. Bankuna da yawa suna sa fuskar manhajarsu ta koma baƙa ƙirin a idon mai kallo daga nesa. Duk da haka, da WhatsApp ya kawo nuna fuskar waya cikin kiran bidiyo a 2023, 'yan damfara ba su ɓata lokaci ba.

A Afirka, fuskar wannan fasaha da ta fi shiga rayuwar talaka ita ce wayar bashi. Kamfanin M-KOPA, wanda aka kafa a Nairobi a 2011, ya fara ne da fitilar sola da ke ɗaukewa idan ba a biya kuɗin ranar ba, daga baya ya ɗora dabarar kan waya, kuma yana aiki a Najeriya da Gana. A Yuli 2020 Safaricom da Google suka ƙaddamar da shirin Lipa Mdogo Mdogo a Kenya, wato biya kaɗan-kaɗan da harshen Suwahili, inda a lokacin ake biyan shilin 20 a rana. A Najeriya Easybuy na cikin masu irin wannan ciniki. Wayar ita ce jinginar kanta: idan biya ya tsaya ta kulle, idan an biya ta buɗe. Tsarin ya ba wanda ba shi da mai tsaya masa damar mallakar waya, amma ya bar shi da haɗarin cewa ranar da aljihu ya bushe ita ce ranar da abin neman kuɗinsa zai rufe. Ikon da mai bashi ke amfani da shi ɗaya ne da wanda aka ƙirƙira don jami'in ofis mai kula da wayoyin ma'aikata.

Apple ne ya fi kowa jan ƙafa. Shekaru da dama mai taimakon mai iPhone sai dai a ɗauki hoton fuska a aika masa, ya duba ya faɗi abin yi. A 2017, da iOS 11, aka ba manhajoji irin su TeamViewer damar nuna fuskar waya kai tsaye, amma kallo kawai. Yatsan mai waya ne ke dannawa. Taɓawa ta zo a Satumba 2024 da iOS 18, kuma ta cikin FaceTime, manhajar kamfanin kansa. Wanda sunansa ke cikin lambobin mai waya zai iya neman linzami, mai waya ya amince ko ya ƙi, kuma yana iya karɓe abinsa a kowane lokaci. An hana na nesa taɓa wasu wurare, kamar sauya asusun Apple, biyan kuɗi da goge wayar. A 2024 ɗin ne kuma aka ba kwamfutar Mac ikon nuna iPhone ɗin mai ita da sarrafa ta. Duka biyun ba su isa ƙasashen Tarayyar Turai a lokacin fitowarsu ba. Apple ya ce dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar na iya tilasta masa buɗe wa wasu kamfanoni irin wannan ƙofa, shi kuma bai yarda ya ba kowa mabuɗin ba.